Giɓin Maryvonne

Tun da ta girma, Maryvonne Kergoat ba ta taɓa cika shekara biyu a gari ɗaya ba. A Brest aka haife ta, inda ubanta ke busa ƙahon tagulla a ƙungiyar 'yan dakon tashar jiragen ruwa. Tana yarinya ta faɗo daga keke, gefen haƙorinta na gaba ya ɓalle. Da wannan giɓin ta koyi busa, leɓenta ya saba da shi.

Da ta girma sai yawo. Yau Nantes, gobe Lyon, tana rera waƙar jaz a ƙananan gidajen rawa, in ta kai ƙarshen baiti ta ɗaga ƙaho ta ƙarasa da shi. Akwatinta kullum a bakin ƙofa yake.

Tana da shekara arba'in aka gayyace ta babban bikin kiɗa a Marseille, za a manna hotonta a bango. Sai ta je wurin likitan haƙori ya cike giɓin.

Washegari a wurin gwaji ta kafa ƙaho a baki. Ƙananan muryoyi suka fito, amma na sama sai iska.

Fulbert, tsohon da ke buga mata ganga, ya ajiye sanduna. "'Yar'uwa, agwagwa kika haɗiye?"

"Rufe min baki, tsoho."

"Buɗe naki in gani." Ya leƙa, ya kama kai. "Kash! Kin yi kyau, kin kashe mu. Wa ya ce miki mai busa na taɓa haƙorinsa?"

Ta yi kwanaki tana fama. Ta karkata ƙahon dama, ta karkata hagu, ta sauya bakinsa, leɓe ya kumbura a banza. Biki kuwa sai matsowa yake.

Ta koma wurin likitan da ƙahon a hammata.

"Likita, mayar min da giɓina."

"Madam, gyara na koya, ba ɓarna ba."

"To yau ka ƙaro ilimi. Goga kaɗan, in busa."

Ya goga, ta busa, iska. Ya ƙara, ta busa, ƙara ta fito a shaƙe. Ya sake taɓawa yana gunaguni. Ta ja numfashi, sai muryar sama ta tsage ɗakin, har masu jiran layi suka miƙe.

Ba daidai da ta dā ba ce, akwai 'yar dishewa a cikinta. Maryvonne ta tofar da garin haƙori, ta duba agogo, ta tambayi likita hanyar tashar jirgin ƙasa mafi kusa.