Tsagar Jirgi a Gonar Gyaɗa

Da aka raba gadon Babanmu, ni aka ba gonar da ba wanda ya so: doguwa, siririya, ta miƙe daga gindin ɗorawa har bakin hanyar Makoda. A wajenmu ƙasa ta yi wa mutane kaɗan. Gona na jingine da gona, ko akuya za ka ɗaure sai ka auna igiyarta kada ta kai ga geron wani. 'Yan'uwana sun ɗauka sun cuce ni. Ni kuwa tun ranar filin tashin jirgin sama na gani.

Sana'ata gyaran injin ban-ruwa ce, na masu noman rani a Watari. Jirgin nawa kuwa a rumfar kara na haɗa shi, a gindin ɗorawar nan, da injin tsohuwar mota ƙirar kunkuru, da tayoyin babur, da fukafukan bututu da na lulluɓe da yadi. Farfelar da hannuna na sassaƙa ta daga maɗaci.

Ranar da na fara tayar da shi, kajin unguwa suka watse, amma jirgi ko gezau. Farfelar ta manne da fuskar injin. Da na ɗan ƙara wuta sai injin ya yi rawa, bakinta ya karci murfin kwano da bututun hayaƙi, dole in sassauta. Gari ya samu abin dariya, aka sa masa suna fankar gari. Wata gwaggona ta aiko, kuma ba da wasa ba, wai in ba ta rana ta zo ta sheƙe dawarta a bayansa. Na ji zafi ƙwarai, ban kuwa nuna wa kowa ba.

Dariya ba ta dame ni kamar damina ba. A gidanmu, gonar da ruwan fari ya sauka mai ita bai shuka ba, babban gida ne ke shuke ta. Wanda kuma ya zuba iri da taki a ƙasa, fitar da shi sai an kai ruwa rana. Babban gidan nan Yayana ne. Ya same ni a rumfa ya tsaya a kaina.

"Ruwa na sauka zan shigo da sungumi," in ji shi. "Ka kwashe tarkacenka."

"Gonata ce, Yaya."

"Gonar mai noma ce. Wa ya taɓa tuƙa tuwo da fanka?"

Abin da nake bukata ɗan guntun alminiyom ne mai siffar kalangu, kai biyu masu faɗi, tsakiya a tsuke. Kai ɗaya ya kama bakin injin, ɗayan ya riƙe farfela ya tura ta gaba, ta samu sarari. Na zana shi, na kai birni wurin masu injin yankan ƙarfe. Mai aikin ya juya zanen ya ce, "Na injin niƙa ne, Malam?" Na ce na jirgin sama ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Na bar shi ya gama, sannan na tsaya a kansa har ya yanka mini shi yadda na zana.

Ɗaurawar farko ba ta yi ba. Na kafa karan dawa a ƙasa dab da bakin farfela, na juya ta a hankali da hannu. Reshe ɗaya ya shafi karan, ɗayan ya wuce da tazarar yatsa. In ka tayar da inji a haka, girgiza za ta tsinke kusoshin, farfela ta yi nata wuri. Na kwance, na sake ɗaurawa, ba ta canja ba. Ga hadari kullum yana haɗuwa a gabas, mutane na fito da iri suna shanyawa. Da ƙyar na gano ɗan tudun ƙarfe da wuƙar injin yankan ƙarfe ta bari a fuskar kalangun, bai kai ƙwayar gero ba. Ina cikin goge shi da dutse ruwan fari ya kece.

Washegari da sassafe Yaya ya cika alkawari. Ya fara daga bakin hanya, yana sara da sungumi, matarsa na biye da ƙwaryar iri tana jefawa tana takewa. Bai dube ni ba. Na wanke fuskokin ƙarfen da fetur, na sa kalangun a bakin injin, na ɗora farfela. Na riƙa ɗaure kusoshin a hankali, wannan sannan na daura da shi, don kada itacen ya karkace. Na zura waya a kawunansu na murɗe. Na juya. Rassan biyu suka shafi karan daidai wa daida.

Na ɗaure wutsiyar jirgin a ɗorawa, na wurga farfela da hannu, injin ya kama. Na hau, na ƙara wuta. Babu karta, babu rawa. Igiyar ta miƙe har ganyen ɗorawa na zubowa. Na ɗaga hannu na yi ta yi wa su Yaya alama su kauce, sannan na ja bakin igiyar da na jawo har inda nake zaune, na zare ƙullin.

Jirgi ya tafi. Ruwa ya daddale yashin, tayoyi suka samu abin takawa. A tsakiyar gona na ji wutsiya ta bar ƙasa, hanyar Makoda ta bayyana a gabana, na kashe wuta. Jirgin ya gangara ya tsaya a kan layin Yaya na ƙarshe. Shi yana can gonar maƙwabci, hularsa a ƙasa.

Ya ɗauki hular ya kakkaɓe. "To, ai bai tashi ba."

"Bai tashi ba, Yaya. Ba ni sungumin."

Ya miƙo mini. A ranar na shuka gyaɗa dama da hagu, don ita ba ta tsawon da za ta taɓa fiffike, na bar tsakiya fili daidai faɗin tayoyi. Gona dai an shuka ta, ba mai bakin magana. Masu wucewa suka ce na yi mata tsagar kitso.

Har yau jirgin bai bar ƙasa duka ba, kuma har yau tsagar tana nan. Duk damina nakan shiga da fartanya in nome ta tas. Ni kaɗai ne a garinmu nake noman inda ban shuka komai ba, kuma duk mai son shuke ta sai ya fara zuwa ya same ni.