Ranar Da Na Je Leƙen Asiri Na Tona Namu

Har yau ban manta da ranar da aka tura ni leƙen asiri ba. Lokacin ina jami'in talla a wani ƙaramin kamfanin intanet a Narayi, muna ja wa gidaje da shaguna layi. Mun daɗe muna cin karenmu babu babbaka, sai wani babban kamfani ya buɗe ofis a unguwar Television, kwastomominmu suka fara sulalewa.

Manajanmu, Oga Bitrus, ya kira ni ya ce, "Haruna, je ka can kamar mai son a ja masa layi. Ka jiyo mana farashinsu."

Na tuɓe rigar aiki, na sa kaftani da baƙin tabarau, ina jin kaina wani babban jami'in sirri. Wadda ta karɓe ni Madam Ngozi ce, haifaffiyar Kakuri, Hausa a bakinta tar. Ta tambayi kamfanin da nake amfani da shi, na ambaci namu. Don kada ta zarge ni, sai na ɗan kushe shi. Ashe bakina ya daɗe yana jiran wannan dama. Na ce da hadari ya haɗo layi ya ɗauke, lambar ƙorafi ba mai ɗagawa, manajan kuma ba ya jin shawarar kowa.

Ta ɗago kai ta ce, "Malam, kwastoma ne kai har ka san halin manaja?"

Na ce, "Maƙwabcina ne."

Ta yi murmushi ta ci gaba da rubutu. Na koma na shaida wa Oga cewa ko kusa ba a gane ni ba. Farashin ma na manta ban tambaya ba, sai a allon bakin ƙofa na kwafo.

Bayan 'yan watanni aka ce babban kamfanin nan zai sayi namu. Irin wannan ciniki ba ya tabbata sai hukumar sadarwa ta duba ko zai kashe gasa, sannan ta sa hannu. Muka duƙufa addu'ar ta ƙi, amma ta amince. Aka sanar za a tantance ma'aikata, a sallami wasu. Ni kuwa ga iyali, ba ni da wata sana'a.

Ranar tantancewa na shiga, sai ga Madam Ngozi a kujerar shugaba, Oga Bitrus a gefenta. Ta buɗe littafi ta karanto maganata kaf. Ta ce tun ina shigowa ranar ta gane ni, don ta sha ganina ina raba takardun talla a Sabon Tasha.

Oga ya juyo ya ce, "Haruna, ni ne ba na jin shawara?"

Na ce, "Oga, dabarar aiki ce."

Madam ta ce, "Dabara ko ba dabara ba, mun bincika, duk gaskiya ne." Ba ta sallame ni ba, sai ta ɗora ni kan teburin ƙorafi. Shekara biyu ina shan zagin kwastomomi, Oga Bitrus kuma ya yi wata uku bai amsa gaisuwata ba.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku sani a wannan harka abokin hamayyar yau shi ne ogan gobe. In kun ga aibin gidanku, ku faɗa a gida. Ni sai da na shiga motar haya na kai nawa Television.