Ni Ban Sha Komai Ba

Ina da shekara arba'in da huɗu lokacin da warin ƙullun kisra ya fara tayar mini da zuciya. Toya kisra, wainar dawa mai faɗi marar kauri da ake ci da miya a ƙasar nan, ita ce sana'ata. Kullum da safe nakan kai wa masu shagon abinci a kasuwar garinmu, wani ƙauyen Hausawa a bakin Nilu, ba nisa da Rusairis. Tun ina budurwa hancina ya saba da tsamin ƙullun nan har ba na jin sa, sai ga shi ina buɗe murfin roba in juya da gudu zuwa bayan ɗaki. Jinin al'ada kuwa ya ɗauke mini watanni, ban damu ba. Na ɗauka girma ne ya zo, har na yi murna, na ce bana zan yi azumi cur ba ramuwa.

Haihuwa ba ta cikin tunanina ko kaɗan. Aurena na fari ya daɗe ba ko ɓari, kuma a kan haka ya mutu. Na zauna gidanmu, daga baya na auri maigidana na yanzu, manomin albasa da tumatir a gaɓar kogi, wanda matarsa ta rasu ta bar masa manyan 'ya'ya, har da jikoki. Ranar da ya zo neman aurena na gaya masa gaskiyar halin da nake ciki, ya ce shi 'ya'ya sun ishe shi, abokiyar hira yake nema. A gidansa na daina shan jiƙo, na daina zuwa wurin kowa. Na huta.

Na tafi ƙaramin asibitin garinmu na ce a ba ni maganin gyambon ciki. Ma'aikaciyar yarinya ce da na ci tuwon sunanta. Ta yi mini tambayoyi, ta ba ni 'yar kwalba ta ce in kawo fitsari. Da ta dawo sai ta kama hannuna tana murmushi, ta ce da Larabci ina da ciki. Na ce mata ta koma ta duba da kyau, ta haɗa kwalbata da ta wata. Ta ce ni kaɗai na kawo fitsari a ranar. Ban yarda ba sai da maigida ya raka ni Damazin, likita ta shafa mini mai a ciki, ta juyo allon na'urar hoton ciki ta nuna mini kai da hannaye. Ta ce ya kai wata huɗu.

Da muka iso gida maigida ya zauna bakin gado, ya cire hula, ya yi hamdala ya ƙara, sannan ya ce mu bar maganar tsakaninmu tukuna. Ashe wata 'yar unguwarmu tana cikin layi a asibitin, kuma motarta ta riga tamu tashi.

Goggo ce ta fara zuwa, ƙanwar mahaifina, tsohuwa mai sanda wadda har yau take Hausar kakanninmu. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta nuna cikina da sandar.

"Ai na gaya miki. Sassaƙen nan da na ba ki, shi na."

Na ce, "Goggo, wannan sassaƙen ai ya fi shekara goma, kuma a gidan wancan mijin na sha shi."

"To mi? Iccen kirki ba ya gaggawa. Kwanciya ya yi cikin jiki yana jiran lokaci."

Washegari maƙwabciyata ta leƙo ta katanga. Balarabiya ce, mun daɗe muna zaman lafiya. Ita kuma ta ce hayaƙinta ne. Tana da rami a bayan ɗakinta inda take kunna itacen ƙamshi, mace ta zauna a kai ta lulluɓa da bargo, kamar yadda matan ƙasar nan suke yi. Na taɓa zama a kai da sanyi saboda ciwon gwiwa. Ta ce ita dama ta san mahaifata sanyi ne ya kama ta, hayaƙin ya buɗe ta, ba ta dai so ta faɗa ba ne don kada in sa rai. Matar malamin unguwa ma ta zo barka, ta tuna mini da rubutun da na sha tun mahaifiyata tana da rai. Har wata da na manta fuskarta ta tare ni a bakin famfo ta ce ita ce ta ba ni dabino lokacin da ta dawo daga Umra.

Wata rana da la'asar Goggo da maƙwabciyata suka haɗu a tsakar gidana. Baƙi sun zo dole a yi musu gahawa, na zauna ina soya ƙwayar a kan gawayi, ƙamshin yana juya mini hanji. Goggo tana magana da Hausa, maƙwabciyata tana mayarwa da Larabci, kowace tana jin 'yar'uwarta sarai. Goggo ta ce hayaƙi in ban da baƙanta bargo ba abin da yake yi. Maƙwabciyata ta ce in da sassaƙe yana aiki, da awakin da ke cin ɓawon itacen sun cika duniya. Na tashi na je bayan ɗaki na yi amai, na wanke baki na dawo. Ba wadda ta lura na tashi. Goggo ta kurɓi gahawar ta ce citta ta yi kaɗan.

Maigida ya dawo daga gona ya tarar da ƙarshen gardamar. Ya gaishe su, ya wuce. Bayan sun tafi ya zo yana wanke ƙafa kusa da ni, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ni dai har yau ba wanda ya zo ya yi mini sannu da aiki." Na jefe shi da mafici. Ranar na fara dariya tun da muka dawo daga Damazin.

Akwai kuma masu zuwa da labarin tsoro. Kowace ta san wata mai shekaruna da ta je haihuwa ba ta dawo ba, ko ta haifi yaro ba daidai ba, kuma sai ta zauna ta ba ni labarin tiryan-tiryan, ta rufe da cewa Allah ya raba lafiya. Ni kuwa tsoron da nake da shi ya ishe ni. Likita ta ce jinina yana hawa, in rage gishiri, in bar zama gaban wuta, in riƙa zuwa awo ba fashi, kuma kada in kuskura in haihu a gida. Na bar kisra. Na koma zaman gida, wanda ya sa duk mai son samuna ta san inda zan kasance.

Daga nan mata suka fara zuwa neman sirri. Da fari 'yan unguwa ne, sai na ƙauyukan kusa, har wata ta zo tun daga Wad Haddad da uwar mijinta. Sukan zauna su yi ta zagaye-zagaye, sannan a rage murya a ce, don Allah me kika sha? In ce ban sha komai ba. Su yi murmushi su ce sun gane, ba kowa ake faɗa wa ba, amma su ba za su fitar ba. In rantse. Su tashi fuska a ɗaure. Na san wannan zaman, na san wannan rage muryar, ni ma na yi shi a gidajen mutane shekara da shekaru, shi ya sa ban iya korar kowa ba. Amma kafin cikin ya kai wata shida sunana ya zaga gari a kan mace mai rowa, wadda Allah ya ba ta kuma ta hana 'yan'uwanta.

Duk wannan na iya ɗauka. Abin da ya ci mini rai shi ne matar ƙanena. Ƙanena makaniki ne a Damazin, matarsa tana zaune a garinmu, shekara bakwai da aure ba labari. Yarinya ce mai kunya, tun zuwanta ta manne mini, don ni kaɗai ce a dangi ban taɓa kallon cikinta ba in ta shigo. Da labarina ya fito ta zo ta rungume ni ta yi kuka, ta share mini gida, ta tafi. Daga nan sai ƙafarta ta ɗauke. A gidan biki ta gaishe ni daga nesa kamar baƙuwa. Na aika a kira ta, ta zo ta zauna can bakin tabarma.

Na ce, "Me na yi miki?"

Tana murza bakin mayafinta ta ce, "Yaya, in kin hana kowa, ni bai kamata ki hana ni ba. Kin fi kowa sanin abin da nake ciki. An fara yi masa maganar ƙarin aure."

Raina ya ɓaci har na ji kaina yana sarawa. Na ce ta matso. Na lissafa mata abin da na sha a rayuwata: sassaƙe, saiwa, hulba, zuma da habbatus sauda, rubutu, kitsen abin da ban san sunansa ba, allurai a Madani, ƙwayoyin da suka kumbura ni kamar tulu. Na ce in tana so in kai ta wurin kowanne, waɗanda suke raye. Na ce duk na sha su a lokacin da ba abin da ya faru, kuma wannan cikin ya zo bayan na yi shekaru ban sa ko ɗaya a bakina ba. Na ce ni kaina ban san dalili ba, likita ma da na tambaye ta cewa ta yi yakan faru.

Sai ta ɗago da fuska a sake ta ce, "Wato sirrin shi ne mutum ya cire abin a ransa."

Na ce, "Kada ki sake ki faɗi wannan a waje."

Wannan maganar na fi tsana a duniya. Shekara nawa ana ce mini in kwantar da hankali zai zo, kamar damuwata ce ta hana shi, kamar laifina ne da nake so. Ba zan yarda a ɗauki cikina a riƙa dukan wasu matan da shi ba. Amma ta riga ta ji abin da take so ta ji, kuma kafin mako ya zagayo an ce na fallasa sirrin. Goggo ta zo ta ce ita ma dama haka ta ce tun farko.

Da ranar awona ta zo na ce wa matar ƙanena ta shirya ta raka ni. Bayan likita ta gama da ni na ce ga ƙanwata a duba ta. Likita ta yi mata tambayoyi, ta rubuta gwaje-gwaje, sannan ta ce mijin fa? Ta ce ba a duba mace ita kaɗai, shi ma sai ya zo. Yarinyar ta ce ba zai yarda ba, ta taɓa faɗa masa ya yi kwanaki ba ya cin abincinta.

Muna fita na tare raksha, keken nan mai ƙafa uku, na ce a kai mu garejinsa. Na same shi a ƙarƙashin wata babbar mota. Na tsaya da cikina a gaba, ƙafafu a kumbure, na kira shi da sunan da mahaifiyarmu take kiransa. Ya fito yana goge hannu, abokan aikinsa suna kallo. Na ja shi gefe, don ban je in kunyata shi ba. Na ce masa ni aka sa a gaba ana ɗura wa magani kamar akuya mai ciwo shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa cewa a duba wancan mijin, kuma ga shi yau yana da mata ta uku, gidansa shiru. Na ce wa ƙanena ban ce shi ne mai matsalar ba, ban ce matarsa ce ba, amma kafin ya saurari masu yi masa maganar aure ya je a duba shi.

Ya ce, "Yaya, a nan za ki yi mini wannan maganar?"

Na ce, "In ka fi so in yi ta a gaban Goggo, sai mu tafi."

Bai je a ranar ba, bai je a watan ba. Daga baya ya je, shi kaɗai, bai gaya wa kowa ba sai matarsa. Abin da aka ce musu nasu ne, ba zan rubuta shi ba. Suna shan magani su biyu, har yau suna jira, kuma maganar ƙarin aure ta kwanta.

Ni kuwa jinina ya hau sosai a wata na tara, aka kwantar da ni, aka yi mini aiki aka ciro 'ya mace, ƙarama amma da ƙarfin murya. Na daɗe ban warke ba. Matar ƙanena ce ta zauna da ni a asibiti, ita ta fara yi wa jaririyar wanka, kuma ita ce ta hana mata shigowa ɗaki da tambaya har na yi arba'in.

'Yar tawa yanzu ta shiga shekara ta biyar. A kasuwa ana tambayata ko jikata ce, na gaji da gyarawa, wani lokaci in ce e in wuce. Jikokin maigida da suka girme ta sun ƙi ce mata goggo, kullum sai an yi shari'a. Ina yi mata Hausa tana mayar mini da Larabci, in na matsa ta ce Hausa ta tsofaffi ce. Ba ta zama wuri ɗaya. Da ta ga ƙofa a buɗe sai ta nufi hanyar kogi wurin babanta, ni kuma gwiwoyina ba na gudu ba ne. Jiya na bi ta har bakin gonar albasa, takalmi ɗaya a ƙafa, na same ta zaune kan kunya tana cin ɗanyen tumatir, uban yana kallonta yana dariya. Na ce masa tunda abin dariya ne, shi zai goyo ta zuwa gida. Ya goyo ta.