Layin da Kaka Ta Jera wa Ƙanena

Har yau in na ji an buga ƙarfen makaranta da safe sai gabana ya faɗi, alhali ni ce malama, ba mai dukana in na makara. Ƙanena nake tunawa. A ƙauyenmu na wajen Bagwai, wani tsohon ƙarfen taya aka rataya a jikin dalbejiya, ƙararsa tana ratsa gonaki har tsakar gidanmu. Yaran gida sai su zuba a guje. Shi kaɗai za ka gani tsaye kusa da turmi, takalmi ɗaya a ƙafa, riga a hannu, yana kaɗa yatsu a gefen kunnensa.

Kada ka ɗauka daƙiƙi ne. Abin da malamin allo ya biya masa sau ɗaya ya zauna, har da tarin da malam ya yi a tsakiyar aya. Tun yana ƙarami ba ya kallon idon mutane, mu kuwa a wajenmu wannan ladabi ne, baƙi suka yi ta yabonsa, wai yaro mai kunya. Yabon ya ƙare da ya isa aike. Ka san yadda ake aiken yaro a gidajenmu, a numfashi ɗaya za a ce ka kai niƙa, ka biya gidan gwaggo ka karɓo rariya, in za ka dawo ka koro tumaki. Kuma ba a ce wa babba ya maimaita. Ƙanena sai ya fita da ƙwaryar dawa a ka, a tsince shi da azahar a bakin rijiya, dawar tana nan yadda take. Baba ya yi duka har ya gaji. An kai shi ruƙiyya, an yi masa hayaƙi, abin da ya ƙaru kawai tsoron mutane ne.

Yana aji uku hedimasta ya aiko wa Baba cewa kullum sai an yi nisa da karatu yake zuwa, yau ba littafi, gobe ba wandon makaranta. Baba ya ce daga nan zuwa girbin gero, in bai gyaru ba, zai cire shi, ya riƙa bin sa gona.

Ruwan shuka ya sauka a makon nan. Baba yana gaba da sungumi yana saran ramuka, mu muna biye muna zuba iri, muna rufewa da diddige. Kakarmu, mahaifiyar Baba, ta kawo mana fura ta zauna a gindin ɗorawa tana kallo. Mu sai wasa da tsallake rami, amma ƙanena bai tsallake ko ɗaya ba, har ƙarshen gona. Da muka zo shan fura na ji ta ce, kamar da kanta take magana, "Yaron nan in an yi masa layi ba ya ɓata."

Washegari da muka idar da sallar asuba, sai muka tarar ta jera kaya a tsakar gida. Buta a ƙofar ɗaki, gaba kaɗan riga da wando a kan kujera, sai kwanon koko a kan turmi, sai takalma, jakar littattafai kuma a rataye a ƙofar zaure. Ta zauna a tabarmarta da carbi. In ya tsaya ya fara kaɗa yatsu, ba ta ɗaga murya, sai dai ta ce, "Duba gabanka." Aike ma ta hana a haɗa masa, sai ya kai ɗaya ya dawo a ba shi na biyu. Inna ta yi ƙorafi cewa gidan ya koma kamar kasuwa. Kaka ta ce, "Bar su, ni na ajiye." Iyakar bayaninta ke nan, ita dama ba mai yawan bayani ba ce, kuma ba a ja da uwar miji.

Duk daminar nan ƙanena yana aji kafin a buga ƙarfe. Na taɓa jin yana waƙa a hanya, abin da ban san ya iya ba.

Gero ya fara nuna, sai zazzaɓi ya kwantar da Kaka, ba ta tashi ba. Gida ya cika da 'yan gaisuwa. Inna da gwaggo suka share tsakar gida tas, aka tattare komai aka cusa ƙarƙashin gado don a sami wurin shimfiɗa. Ba mugunta suka yi ba, a ganinsu tarkacen tsohuwa ne. Da aka tashi daga zaman makoki, ƙanena ya fito ƙofar ɗaki da safe ya tsaya yana kallon ƙasa. Na ɗauko buta zan ajiye masa, Baba ya ce, "Tsohuwa ta shagwaɓa shi ta tafi. Wa zai yi ta jera masa kaya har ya yi gemu?" Na ji haushin maganar nan, har yanzu ina ji. A watan na tafi makarantar kwana. Da na dawo hutu na ga rigar ƙanena ta makaranta a jikin ɗan gwaggo.

Yanzu abin yana da suna, likitoci suna cewa otizim. A ajina akwai yarinya irinsa, ina ba ta umarni ɗaya ɗaya, na zana mata hotunan abin da za ta yi a jere a jikin bango. Wasu abokan aikina suna cewa ina ɓata ta, kusan da kalmomin Baba. Sunan ya iso ƙauye, amma haƙurin bai gama isowa ba.

Ƙanena yana gida, furfura ta fara fito masa, shi ke noman gonar Baba. Da na je da ƙaramar sallah, ya zauna kusa da ɗana yana juya jakar makarantar yaron, ya daɗe. Can, ba tare da ya ɗago kai ba, ya tambaye shi, "Me ake yi a aji huɗu?"