Yadda Kurkurar Baki da Mai Ta Ɗauke Mini Ɗanɗano

Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan ban saka hoton ko tukunya ɗaya a shafin nan ba. Wasu sun tambaya ko na bar girkin biki, wata ma ta turo mini barka, wai ta zaci laulayi nake yi.

Ba ko ɗaya. Bakina ne ya kwantar da ni.

Abin ya faro ne daga dasashina. Duk na goge baki sai na ga jini a buroshi. Ban je asibiti ba. Na ci karo da wani bidiyo a waya, wata mata tana cewa a guntsi cokali ɗaya na man kwakwa da safe, a yi ta kurkurawa minti ashirin, wai yana tsayar da jini, haƙora su yi fari.

Sati ɗaya ina yi, ban ga canji ba. Sai na yi wa kaina dabara. Na shiga Kasuwar Jalingo na sayo ƙaramar kwalbar man kanumfari, tunda na san kanumfari na maganin haƙori. Ban auna ba, tsiyayawa kawai nake yi a cikin cokalin.

Rana ta uku harshena ya fara zafi kamar na kurɓi tafasasshen shayi. Na ce maganin ne ke aiki. Na ƙara kwana biyar a haka.

Fatar cikin kumatuna ta fara saluɓewa. Wani fari-fari ya rufe harshen, gefensa ya tsattsage. Yaji ya gagare ni, tuwo ma haka. Na koma kindirmo da kunun da ya huce. Maigidana ya ce mu je asibiti, na ce sai na gama aikin da ke gabana.

Aikin kuwa girkin wani biki ne a garin Mutum Biyu. Na tafi da yayata, Adda Halima, wadda muke sana'ar tare. Na haɗa miya a babbar tukunya, na ɗanɗana, ban ji komai ba. Na ƙara gishiri. Na sake ɗanɗanawa, shiru. Na ƙara.

Adda ta karɓi ludayin ta lasa, ta juya ta tofar.

"Maryam, buɗe bakinki in gani."

Na buɗe. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Je ki zauna. Ba za ki sake taɓa tukunyar nan ba yau, kuma gobe asibiti."

Miyar ba ta gyaru ba. Sabuwa ta ɗora ita kaɗai, aka ci abinci a makare. Shekara tara ina wannan sana'a, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

A mota muna dawowa na yi abin da bai kamata ba, na bincika alamomin a waya. Duk inda na buɗe, ciwon daji. Muka iso gida a Nukkai. Na shiga ɗaki na kalli 'ya'yana biyu suna cin abinci, na fita bayan gida na yi kuka.

Washegari muka yanki kati, muka bi layi har azahar kafin a kira ni sashen haƙori. Likitar mace ce, Hausarta irin ta nan garin. Ta haska bakina da fitila ta ce, "Madam, me ka sa a bakin nan?"

Na so in ɓoye. Adda ta ciro kwalbar daga jakarta ta ajiye a kan tebur. Ashe ta gan ta a ɗakina ta ɗauko.

Likita ta shinshina ta ce, "Wannan mai yana da ƙarfi, yana ƙona fata. Amma sai mun yi gwaji tukuna."

Aka ɗebi jini, aka auna suga, aka yi gwajin ƙanjamau, aka goga auduga a harshen aka kai ɗakin gwaji. Aka ce in dawo bayan kwana huɗu. Kwanakin nan huɗu sun fi ciwon kansa wahala.

Sakamako ya fito: ba daji ba ne. Man ne ya ƙona fatar bakin, sannan irin farin nan da ke fitowa a bakin jarirai ya samu wuri ya hau kai. Jinin dasashin kuwa datti ne da ya daskare a gindin haƙora, wanki kawai yake buƙata tun farko.

Aka ba ni maganin ɗigawa a baki da na shafawa, aka hana ni yaji da abu mai zafi ko tsami. Gwaji da magani sun cinye abin da na samu a bikin, ga ayyuka uku da na mayar.

Zafin ya lafa cikin sati biyu. Ɗanɗano ne ya ja lokaci. A sati na biyar ina shan kunu da safe, sai na ji tsamin tsamiya can gefen harshe. Na ajiye kofin na yi sujada.

Alhamdu lillahi. Yanzu na warke, an wanke mini haƙoran, jinin ya tsaya. Na gode wa maigidana da ya ci abincin saye bai yi ƙorafi ba, da likitar da ba ta yi mini faɗa ba. Adda, useko, na gode, Allah ya biya ki.

Shawarata kaɗan ce. In dasashinki na jini, je ki likitan haƙori ya duba. Duk abin da kika sa a baki ya yi zafi, daina a ranar. In za ki asibiti, tafi da kwalbar, kuma ki faɗi gaskiya.

Akwai abu ɗaya da ya fi damuna. A satin farko, tun ban san ƙarshensa ba, na tura bidiyon nan ga mata da yawa a cikinku, har na rubuta cewa na gwada yana da kyau. Ban san wace ce ta fara ba. In kina cikinsu, ki yafe mini, ki goge shi, kuma ki sanar da duk wadda kika tura wa.