Surutuna a Ɗakin Karatu

Ni fa ban ce zan iya ba, Inna ce ta ɗora mini. Ina zamana a bakin kasuwar Yelwa ina jiran fasinja a kan babur ɗina, ta aiko wai daga yau ni zan riƙa kai ƙanwata ɗakin karatu. Ni da aka kora daga aji uku saboda surutu! Na ce, "Inna, littafi in ya gan ni rufe kansa yake." Ta ce, "Kai ta dai, kuma ka zauna."

Ƙanwar tawa tana cikin 'yan makarantar da aka kwasa zuwa daji. Ta dawo da ƙafarta, amma bakinta kamar can ta baro shi. Jarrabawa take son sake zama, gida kuma ba wuri.

Ranar farko ta zaɓi benci kusa da ƙofa, bayanta a bango. Wasu yara suka yi dariya, tsohon da ke kula da ɗakin ya buga tebur ya ce, "Shiru!" Kafin in waiga ta dunƙule, hannu biyu a ka. Ashe irin tsawar da ake daka musu ke nan a can daji.

Ban san abin yi ba. Ba ni da magani, ba ni da addu'a mai tsawo. Baki kawai gare ni. Na tsuguna na fara ba ta labarin matar da na ɗauko daga bakin ruwa, tarwaɗarta ta faɗa mini cikin riga muna tsakiyar titi. Ba ta yi dariya ba. Ta dai sauke hannu.

Tsohon ya daina buga tebur. Ya matsar mana da bencin can lungu, ya ce in yi a hankali. Haka muka yi ta zuwa, ina zuba, ita tana kallon shafi ɗaya. Na gane shi ne da hoton ƙashin mutum. Wata rana ta juya shi, washegari ta koma.

Sai wani malami mai shirin jarrabawar ƙarin girma ya gaji. Ya miƙe ya ce, "Baba, wanga ɗakin karatu ne ko tashar kabu-kabu?"

Na ce, "Malam, da tasha ce da na caje ka kuɗin zama."

"Ka ji ko? A fitar da shi, ko in kai ƙara ofis."

Tsohon ya dubi takardar dokar da ke bango, ya dube ni. Gaskiyar malamin ce, na sani. In na fita kuma ita ma ta fita ke nan, ba dawowa. Na buɗe baki, karon farko a rayuwata ba komai ciki.

Ƙanwata ba ta ɗago daga littafin ba. Ta ce, "Malam, na yi shirun da ya ishi kowa a ɗakin nan. Ka bar shi ya yi surutu."