Makaɗin da Kaka Ba Ta Kiran Sunansa

Abin da na fara gani da muka sauka ƙauyenmu, can gefen Korgom, shi ne awarwaron Kaka. A da yana cije mata hannu. Ran nan kuwa da ta ɗaga hannu za ta shafa kaina, sai ya zame har gwiwar hannunta. Ta ga na gani. Ta ce, "'Yar lakwal, 'yar boko, idon nan naki ba shi barin mutum ya rame cikin sirri?" Na sunkuyar da kai. Ni ba mai magana ba ce, kallo na iya.

Shekarun farko ne na mulkin kai, lokacin da gyaɗa ke da daraja. Baba, ɗan Kaka, yana aikin awon gyaɗa a Tasawa, mutum ne mai farar riga da kame kai. Da aka ba mu hutu sai ya turo mu ƙauye, ni da Inna da ƙanwata Rabi, mu taya ɓarar gyaɗa. Bayan magariba mukan zauna kan tabarma, kowa da ƙwaryarsa, ana ɓara ana watsa ɓawon cikin wuta. Wutar ɓawo ba ta da haske sosai, sai hayaƙi mai ƙauri da jan garwashi. A nan Kaka ke ba mu tatsuniya, tari yana katse ta.

Wata rana ta ce, "Ga wata nan, amma ba ta dariya ba ce. Mai son dariya ya tashi." Ba wanda ya tashi.

Ta ce an yi wani ɗan manoma da ya sami ƙaramin duma ya rufe shi da fatar guza, ya ɗaura masa tsirkiya, ya yi gurmi. Ba wanda ya koya masa. In ana gayya ya zauna bakin gona ya kaɗa, samari sai su yi ta noma har hauya ta fi ƙarfin hannu ba su sani ba. Ubansa ya ce, "Mu ba maroƙa ba ne, ba a haife mu mu miƙa hannu ba." Ya taka gurmin da ƙafa. Saurayin ya tsince tsirkiyar ya sa aljihu, ya bi masu kai gyaɗa kudu.

"Bai taɓa wasa mai kuɗi ba," in ji Kaka. "Masu dako yake yi wa. Waɗanda buhu ya cinye masu ƙeya. Yana waƙar yunwa, da nisan hanya, da mutumin da ya noma gyaɗa bai ɗanɗana mai ba. In ya ja tsirkiya sai ta yi kuka kamar mutum, ƙato ya ajiye buhu ya juya baya don kar a ga fuskarsa."

Nan ta rufe baki ta yi kiɗan da hanci. Ba kalma ko ɗaya. Na lura babban yatsanta yana motsi kan gwiwarta, yana jan abin da babu. Na san wannan kiɗa. Direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, na yin fitonsa da baki a tashar Tasawa. Duk mai gurmi da ya zo kasuwa da shi yake buɗewa, ya ce na maigida ne, Na-Korgom, wanda ba a yi kamarsa ba. Ban taɓa tambayar kaina wane gida ne nasa a Korgom ba.

Kaka ta ci gaba. Shekaru suka wuce, ya dawo da ciwon ƙirji, ya tsaya ƙofar gida. Uban ya aiko ƙanen mai gurmin ya gaya masa ya ajiye gurmi a waje in yana son shiga. Mai gurmin ya ce shi da gurmin tare suka zo. Ya zagaya bayan danga ya zauna ya kaɗa sau ɗaya, ya tashi ya tafi. Makiyaya suka tsince shi ƙarƙashin wani gawo a hanyar Urafan, can aka rufe shi.

Rabi, da bakinta ba ya riƙe komai, ta ce, "Kaka, mi sunansa?"

"Wani ne."

"To ina uwarsa? Ba ta fito ba?"

Kaka ta debi ɓawo ta watsa a wuta, hayaƙi ya turnuƙe. Ta ce, "Ke da tambaya kamar mai karɓar haraji. Wannan tatsuniyar ba uwa cikinta. Ta ƙare, ku tashi ku kwanta." Ta goge ido da gefen zane ta ce hayaƙi ne.

Washegari muna daka na tambayi Inna a hankali. Ta dubi ƙofa tukuna, sannan ta ce, "Ɗan farinta ne, wan Babanku. Kin san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta yi masa kuka gaban mutane. Ko yana jariri sai ta faki ido take ba shi nono. Ni ma ban san sunansa na yanka ba, kafin a kawo ni aka daina faɗa. Ki rufe bakinki."

Na rufe. Amma ran da Baba ya zo ɗaukar mu, ina ɗaure kaya, ashe kiɗan na fita ta hancina ban sani ba. Ya tsaya cak. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kar in sake jin wannan a bakin ɗiyata." Kaka tana zaune bakin ɗaki, ta juya fuska ga bango. Ba ta kai damina ba.

Na girma, na tafi kwaleji Maraɗi. Wani mushe, wato malami, da ke koya mana ya taɓa kawo garmaho aji, ya sa faifan wasu baƙaƙen Amurka masu kiɗan jita, ya ce ana kiransa bulus, kuma kiɗe-kiɗen samarin duniya na yau daga gare shi suka tsiro. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na ji tsirkiya tana kuka irin na mutum, na ji muryar wanda ya yi dako. A bayan faifan an rubuta sunan kowane makaɗi da garinsu. Na yi ta kallon sunayen. Daga baya samarin ƙasarmu ma suka ɗauki jita, ana sa su a rediyo, kuma nakan tsinci hannun Na-Korgom cikin kiɗansu, su da ba su taɓa ganinsa ba. Kiɗansa ya shiga ko'ina, gidansu kaɗai ya kasa shiga.

Da daɗewa na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne a bi maganar iyaye. Sai da na haifi nawa ɗan farin, na ji yadda suna ke tsayawa a maƙogwaro, na gane Kaka ba gargaɗi take mana ba. Yabon ɗanta take, ta hanya ɗaya da al'ada ta bar mata. Ta ba mu kiɗan, ta ba mu labarin. Sunan ne ba ta da ikon bayarwa, kuma mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san shi.

Baba ya tsufa, ido ya tafi, numfashi ya soma gajarta. Na je Tasawa na same shi a zaure bayan la'asar, yana jan carbi. Na gaishe shi na zauna nesa kaɗan, kamar yadda na saba tun ina ƙarama. Ya ce, "Kin yi shiru. Mi ke tafe da ke?" Na ce, "Baba, ina so in yi wa yayanka sadaka, liman ya yi masa addu'a, kuma ba a yi wa mamaci addu'a da sunan kasuwa. Don Allah ka faɗa mini sunan da aka raɗa masa."